Yadda Jami'i Zai Hana a Fizge Masa Ƙaramar Bindiga Daga Ƙugu

Kofur Farin Kaya:
Assalamu alaikum, manyanmu da abokan aiki. Ina neman shawara a kan wani al'amari da ban ga ana daɗewa a kansa a wajen horo ba, wato yadda mutum zai kiyaye ƙaramar bindigar da ke ƙugunsa kada wani ya fizge ta. An koya mana kwance ta da haɗa ta, an koya mana saiti da harbi, amma mafi yawan lokacin aikinmu bindigar tana cikin kubenta ne, mu kuma muna tsakiyar jama'a, a tasha ko a kasuwa ko a harabar kotu, ko kuma a bayan wanda aka ba mu rakiyarsa zuwa wajen ɗaurin aure. Kuben da nake amfani da shi na yadi ne mai laushi, da madauri guda ɗaya da ake mannawa a bisa gindin bindigar, kuma na lura cewa idan aka ja ta da ɗan ƙarfi madaurin yana buɗewa da kansa. Shin matsalar ta kube ce kawai, in tara kuɗi in sayi mai kyau in huta, ko kuwa akwai abin da ya fi kuben muhimmanci?

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam. Yaro, kuben da ka kwatanta ba na aiki ba ne, kuma ya kamata ka rabu da shi, amma kada ka ɗauka sayen sabo zai raba ka da damuwa. A tsawon aikina, waɗanda na san an ƙwace wa makami ba a filin daga aka ƙwace musu ba. An ƙwace musu ne a lokacin da suke ganin ba abin da ke faruwa, suna rubutu a ɗan littafinsu, ko suna raba faɗan da ba nasu ba, ko sun sunkuya suna duba takardun mota. Abu na farko da za ka saba wa jikinka shi ne tsayuwa. Duk wanda kake magana da shi, ko da dattijo ne mai tambayar hanya, ka ɗan karkace ta yadda ɓangaren da bindigar take zai koma baya, ƙafar wannan ɓangaren ma ta ɗan ja baya, hannuwanka kuma su kasance sama da cibiya, ba a aljihu ba. Idan ka shiga cunkoso, gwiwar hannunka ta sauka a kan gindin bindigar ta zauna a can har ka fita. Ba wanda zai lura kana yin haka, amma duk hannun da ya nufi wajen sai ya fara taɓa naka.

Abu na biyu shi ne bayanka. Idan za ka tsaya a wuri, ka nemi bango ko mota ko ginshiƙi ka jingina ɓangaren bindigar da shi. Idan kuma za ka sa wa mutum ankwa, ka tuna cewa a wannan lokacin hannuwanka biyu suna kan aiki, ƙugunka kuma yana dab da nasa hannuwan, saboda haka ba a yin wannan aikin sai da abokin aiki a tsaye yana kallo. Shiga bayan kanta da bindiga a jiki kuwa, a zamaninmu ko sabon kurtu ya san ba a yi.

Mazaunin Teksas:
Baba Sufeto, Allah ya ƙara girma. Na yarda da duk abin da ka faɗa, amma ina ganin an rage wa kube darajarsa. A nan jihar Teksas ta Amurka, tun ranar 1 ga Janairun 2016 doka ta bai wa mai lasisi damar rataya ƙaramar bindiga a fili muddin tana cikin kube, daga watan Satumban 2021 kuma aka sauke sharaɗin lasisin ga mafi yawan waɗanda suka kai shekara 21. Saboda haka maganar fizge bindiga a nan ba ta 'yan sanda kaɗai ba ce, magana ce da ake yi a kowane shagon sayar da makamai.

Kuben aiki na zamani ana yin sa ne da roba mai tauri wadda aka zuba daidai da siffar nau'in bindiga guda, kuma ana kasa shi mataki-mataki. Wani tsohon jami'in hukumar FBI mai suna Bill Rogers shi ne ya fito da tsarin gwajin da kamfanin Safariland mai ƙera kube ya ci gaba da amfani da shi bayan ya sayi kamfaninsa. A gwajin, mutum zai kama gindin bindigar ya ja ta kowace fuska da iyakar ƙarfinsa na daƙiƙa 5, kuma dole bindigar ta zauna, kuben ya zauna a jikin bel, sannan mai ita ya iya zaro ta bayan haka. Kowane makulli na daban da aka ƙara yana ƙara mataki guda, shi ya sa ake cewa mataki na ɗaya, na biyu, na uku. Sai dai a sani cewa babu wata hukuma da ta tsayar da ma'auni guda ga kowa, don haka abin da wani kamfani ya kira mataki na biyu ba lallai ne ya yi daidai da na wani ba.

Ga misalin da ya sa nake nanata wannan. Ranar 18 ga Afrilun 2013, kwana uku bayan tashin bama-bamai a gasar gudun fanfalaki ta Boston, 'yan'uwan nan biyu da suka dasa su sun harbe wani ɗan sandan jami'ar MIT mai suna Sean Collier yana zaune a cikin motarsa, da niyyar ɗauke bindigarsa. Sun yi ta ja, amma makullin kuben ya hana su, suka tafi babu ita.

Mai Horaswa:
Malam na Teksas, misalin da ka kawo gaskiya ne, amma ka dube shi ta ɗaya fuskar. Kuben ya riƙe bindigar, jami'in kuma ya rasu, domin an zo masa ta inda bai gani ba. Haka ya faru a birnin Liyej na ƙasar Beljiyam ranar 29 ga Mayun 2018, inda wani fursuna da aka ba shi izinin fita na ɗan lokaci ya bi wasu 'yan sanda mata biyu ta baya, ya daba musu wuƙa, ya ɗauki bindiga daga jikinsu ya harbe su, sannan ya kashe wani matashi da ke zaune a cikin mota. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, kube mai kyau daƙiƙoƙi yake saya maka, kuma tambayar ita ce me jikinka ya iya yi a cikin waɗannan daƙiƙoƙin.

Tsarin da yawancin makarantun 'yan sanda suke koyarwa ya samo asali ne daga wani mai horaswa na birnin Kansas a Amurka, Jim Lindell, wanda ya tsara shi cikin shekarun 1970 a lokacin da kashe jami'ai da bindigoginsu ya zama abin damuwa a can. Tushensa bai da wuyar faɗa. Da ka ji hannu a kan bindigarka, kada ka ja da baya kuma kada ka yi ƙoƙarin zaro ta, domin duk biyun taimakon mai fizgar ne. Ka danne hannunsa da gindin bindigar gaba ɗaya zuwa ƙasa cikin kuben, ka saukar da nauyinka ta hanyar lanƙwasa gwiwoyi da buɗe ƙafafu, sannan ka juya ƙugunka da ƙarfi don ka karya riƙonsa, kana mai ɗaga murya abokan aikinka su ji. Da ka kuɓuta sai ka buɗe tazara, ka taɓa kuben ka tabbatar makullin yana rufe. Faɗarsa a rubuce ba ya koya wa kowa komai. Sai an maimaita shi da abokin horo har ya zama mutum yana yi ba tare da tunani ba, daga gaba, daga baya, a zaune, da kuma a kwance a ƙasa, wanda shi ne mafi wuya.

Kuma ina roƙon kowa, wannan horon da bindigar roba ake yin sa, wadda ba ta da ko ramin harsashi. Kada wani ya ce ya cire harsasai daga ta gaske ya gwada da abokinsa a bariki.

Baduku Ɗan Gado:
Ranku ya daɗe, ni ba jami'i ba ne, aikin fata na gada, kuma jami'ai da dama suna kawo mini gyaran kube da bel, shi ya sa aka saka ni a wannan zauren. Ina so in kare fata kaɗan, domin na ga ana neman a mayar da ita abin da ya wuce. Fatar saniya mai kauri, idan aka jiƙa ta aka matse ta a jikin samfurin bindigar har ta bushe da siffarta, tana riƙo sosai, kuma idan aka sa mata madauri mai maɓallin ƙarfe wanda babban yatsa ke turawa daga ɓangaren jiki, ba kowa ne zai buɗe shi daga waje ba. Inda matsala take shi ne kula. Gumi yana sa fata ta saki, damina tana sa ta yi laushi, hunturu kuma yana busar da ita har ta tsage a wajen ɗinki. Mutane suna shafa mata man gyaɗa ko man shafawa don ta yi ƙyalli, alhali man yana ƙara sakar da ita ne har bakin kuben ya lanƙwashe.

Amma abin da na fi gani a kan teburina ba kuben ne ke lalacewa ba. Kunnen da bel ke shiga ciki shi ne ke tsinkewa. Za ka ga kube mai kyau an ɗinke kunnensa da zare layi ɗaya, ko kuma an rataye shi a bel ɗin ado na kasuwa wanda ba ya iya ɗaukar nauyin waya ma. Wanda ya ja irin wannan zai tafi da bindigar da kuben gaba ɗaya.

Mai Horaswa:
Malam Baduku ya taɓo wurin da ya dace. Na roban ma haka suke, sai dai su ta wajen sukurori suke cin amana, domin girgizar mota da tafiya suna kwance su a hankali. Duk wanda ke da irinsa ya riƙa duba su kafin ya fita aiki. Akwai kuma nau'in da ba a zura shi a bel, sai dai a soka wani faffaɗan marfi a cikin wando, saboda sauƙin cirewa. Wannan sauƙin da mai shi yake jin daɗinsa, mai fizga ma zai same shi. Ina kuma gargaɗi a kan na jabu da suka cika kasuwa, masu kama da na asali a ido, amma robarsu tana karyewa a lokacin gwaji. Hanyar ganewa ita ce a sa bindigar roba a ciki, a ɗaura, a ce wa ƙaƙƙarfan abokin aiki ya ja da gaske.

Sajan Uwar Ɗaki:
Ina gaishe da manya. Akwai abin da ba a ambata ba, kuma a ganina a nan ne aka fi sakaci a wajenmu, wato lokacin da mutum ya cire bel da kansa. Jami'i yana shiga bayi, yana alwala, yana salla, kuma duk waɗannan suna faruwa sau da yawa a cikin aikin yini guda. Na sha ganin an rataye bel da bindiga a ƙusar ƙofar bayi, ko an ajiye a kan dakalin alwala an juya baya ana wanke ƙafa, ko an miƙa wa direba an ce ya riƙe. A sahun salla kuma, idan mutum ya yi sujada rigarsa tana ɗagewa, gindin bindigar ya fito fili, na bayansa yana kallo, shi kuwa goshinsa yana ƙasa. Abin da muke yi a ƙungiyarmu shi ne mu yi salla kashi-kashi, wasu suna yi wasu suna tsaro, wanda zai shiga sahu kuma ya nemi ƙarshen sahun ta yadda ɓangaren bindigar zai fuskanci bango. Idan a ofis ne, a mayar da ita ma'ajiyar makamai a sa hannu, ko da na minti goma ne.

Game da mu mata kuma, yawancin bel da kube an yanka su ne a kan jikin namiji. A jikin mace gindin bindigar yakan karkata ya soki haƙarƙari, sai ka ga an tura kuben ya koma can baya don a samu sauƙi, inda ido ba ya gani kuma gwiwar hannu ba ta kaiwa. Maganin shi ne a nemi wanda ke ɗan sauka ƙasa da bel yana kuma ɗan nisa da jiki, ba a mayar da shi gadon baya ba.

Ina kuma so a daina ɗora komai a kan ƙarfin jami'i shi kaɗai. Ranar 11 ga Maris na 2005 a kotun birnin Atlanta na Amurka, an bar jami'ar tsaro mace guda ɗaya da wani ƙaƙƙarfan wanda ake tuhuma a lokacin da aka cire masa ankwa don ya sauya tufafi. Ya fi ƙarfinta, ya mallaki bindigarta, ya shiga ɗakin shari'a ya kashe alƙali Rowland Barnes da mai ɗaukar bayanan kotu, ya kashe wani jami'in a waje, daga baya kuma ya kashe wani jami'in gwamnatin tarayya. Wanda ya tsara aikin ranar yana da nasa kason a cikin abin da ya faru.

Tsohon Sufeto:
Sajan, Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da manya ba sa son ji. Ni kuma zan kawo abin da na san za a ce na tsufa, wato igiyar da ake ɗaura wa a zoben gindin bindiga a haɗa da bel ko kafaɗa. Tsofaffin libarba na Ingila, wato ƙananan bindigogi masu gidan harsashi mai juyawa, duk da zobensu suke zuwa, kuma 'yan sandan Japan har yau suna ɗaure nasu da igiya. Ban ga dalilin da ya sa yaran yanzu suke raina ta ba.

Mazaunin Teksas:
Baba, igiyar tana da amfani ga wanda ke kan babur ko jirgin ruwa ko yake gudu, domin tana hana bindiga faɗuwa ta ɓace. Amma ba ta hana wanda ya zaro ta ya harba, tunda tsawonta ya kai a miƙe hannu. A Japan ɗin ma, a watan Yunin 2018 a birnin Toyama an daba wa ɗan sanda wuƙa a ƙaramin ofishinsa aka tafi da bindigarsa, aka kashe mai gadi da ita a wata makarantar firamare. Ga kuma haɗarin ta maƙale a ƙofar mota ko a hannun kujera, ko mai kokawa da kai ya samu abin kamawa.

Tsohon Sufeto:
Ban ce ta maye gurbin kube ba, ɗana. Na ce ƙari ce. Wanda ya fizga a tasha yawanci gudu yake so ya yi da ita ya shige cikin mutane, ba tsayawa harbi ba, kuma igiyar tana ɓata masa wannan lissafin. A kan wannan kam ba ka sauya mini ra'ayi ba.

Kofur Farin Kaya:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Amma yanayina ya ɗan bambanta da na masu kaki, domin ni yawanci kaftani nake sawa, wani lokaci har da babbar riga idan rakiyar ta biki ce. Kuben mataki na uku da ake magana yana da girma, zai turo riga kowa ya gani. Shin ɓoyewar da kanta ba ta isa kariya ba? Kuma wasu abokan aikina suna cewa su ba sa ɗana harsashi, saboda ko an fizge ba za a iya harbinsu nan take ba.

Mai Horaswa:
Kofur, ɓoyewa kariya ce ta gaske, domin ba a fizgar abin da ba a san yana nan ba, kuma shi ya sa mai farin kaya zai iya wadatuwa da kube siriri mai shiga cikin wando, muddin yana da tauri, ya rufe kunamar bindigar ruf, kuma yana da aƙalla makulli ɗaya. Amma ɓoyewar tana ƙarewa ne a lokacin da aka gane ka, kuma ana gane mutum ta hanyoyin da bai zata ba. Yadi mara nauyi yana kwantawa a kan gindin bindiga idan iska ta buso. Tsagin aljihun kaftani yana buɗewa idan ka ɗaga hannu. Mafi yawa kuma, mai ɗauke da ita ne ke tona kansa, yana yawan taɓa wajen yana gyarawa. A wajen biki kuma akwai runguma da kama kafaɗa da maroƙa masu matsowa, kuma duk wanda ya rungume ka ya san abin da ke ƙugunka. Ka saba miƙa hannu daga nesa, kana ɗan karkacewa, ɗaya hannun yana kwance a kan wajen.

Babbar riga kuwa matsala biyu gare ta. Tana ɓoyewa da kyau, amma idan aka kama ka da kokawa yadin yana naɗe hannunka, kuma kai kanka sai ka yi aiki kafin ka kai ga bindigar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan aikin rakiya ne na gaske, a bar wa wanda ake rakiya babbar rigar. Soka bindiga tsirara a ƙugun wando ko jefa ta a aljihun gefe, wanda na san ana yi, ba shi da wani uzuri, domin tana iya zamewa, kuma babu abin da ya rufe kunamar.

Maganar ɗana harsashi kuma, ka bi umarnin rundunarka, kada ka bi hirar bariki. Gaskiya ne cewa bindigar da ba a ɗana ba tana jinkirta wanda ya fizge ta, haka ma maɓallin tsaro a nau'in da ke da shi, kuma tsohuwar bindiga ƙirar Browning ba ta tashi idan an cire gidan harsasanta. Ƙirar Glock kuwa ba ta da maɓallin tsaro na waje da ake turawa. Amma jinkirin da ka sa wa maƙiyi ka sa wa kanka, kuma ɗanawa tana son hannu biyu, alhali a lokacin kokawa da wuya ka samu ɗaya ma a sake. Wani sajan ɗan sanda na birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mutum mai lafiya yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato kusan mita shida da rabi, a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wanda shi ne kimanin lokacin da horarren jami'i ke ɗauka ya zaro ya harba. Mu kuwa a tasha tazarar da ke tsakaninmu da mutane ba ta kai taku biyu ba.

Barista:
Da izinin manya, zan sa baki ta fuskar doka, musamman saboda bayanin ɗan'uwanmu na Teksas kada wani ya karanta ya ɗauka haka abin yake a gida. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga da libarba a rukunin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta da ke ƙarƙashin Sufeto Janar, ko bindigar toka da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ma ta hana masu gadinsu ɗaukar bindiga. Saboda haka wannan tattaunawa ta jami'an da hukuma ta damƙa wa makami ce.

Abu na biyu, jami'in da aka ƙwace wa bindiga zai fuskanci tambayoyi ko da ya tsira da ransa, kuma tambayar farko ita ce ko akwai sakaci: ina ya ajiye ta, wa ya bai wa, a cikin me ya ɗauke ta. Abu na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne kada a fahimci cewa duk wanda hannunsa ya taɓa kube ya halatta a harbe shi. Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya ɗaure amfani da makami mai kisa da barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa, kuma ya nemi ƙarfin da aka yi amfani da shi ya yi daidai da barazanar. Mutumin da ke kokawar zare maka bindiga da gaske barazana ce babba, babu shakka. Amma yaro mai son sani, ko mai taɓin hankali da ya miƙo hannu, ko wanda turereniya ta jefo shi jikinka, kotu za ta dube su daban, kuma za ta tambayi abin da ka yi bayan ka riga ka kuɓutar da makaminka ka samu tazara.

Sajan Uwar Ɗaki:
Barista ya tuna mini da yara. Bindigar da aka kiyaye yini guda a tasha, kada a zo gida a ajiye ta a ƙarƙashin matashi ko a kan firji. Wanda ba shi da akwatin ƙarfe mai makulli a gida ya mayar da ita ma'ajiya kafin ya tashi daga aiki.

Kofur Farin Kaya:
Saura tambaya ɗaya, Yallaɓai Mai Horaswa. Sau da yawa aiki yana sa mu hau babur ko adaidaita sahu, wani lokaci kuma mu zauna a bayan mota tare da wanda muka kama. Yaya ake yi a nan, tunda ba wurin karkacewa?

Mai Horaswa:
A mota, ka zauna ta yadda ɓangaren bindigarka yana wajen ƙofa, wanda aka kama kuma yana ɗaya ɓangaren da ankwa ta baya, an ɗaura masa bel ɗin kujera idan akwai. Idan kai bahago ne, wurin zamanka ne zai sauya, ba wurin bindigar ba. Idan tsarin motar bai ba da haka ba, ka miƙa bindigar ga abokin aikin da ke gaba kafin ka shiga, kuma kada a zaunar da wanda aka kama a bayan direban da ke ɗauke da makami. A adaidaita sahu ka ɗauki gefe, amma ka tuna gefen a buɗe yake ga masu wucewa a kan babur, saboda haka gwiwar hannunka ba ta tashi daga wajen, ko kuma ka biya kuɗin kujerar gaba ɗaya. A babur kuwa, idan kai ke tuƙi, ba ka goya kowa sai abokin aikin da ka sani, domin hannuwanka biyu suna kan kan babur, na wanda ke bayanka kuma suna daidai ƙugunka. Idan kai aka goya, ka ja rigarka ka zauna a kan gefenta don kada iska ta ɗage ta. Ka kawo kuben da za ka saya da bel ɗinsa wajen horo kafin ka fara fita da shi, mu sa bindigar roba a ciki mu ja mu gani, sannan ka maimaita zarowa daga ƙarƙashin kaftanin da ka saba sawa har makullin ya daina tsayar da babban yatsanka.